Awon Baba Mannan na Ƙarshe

"Sake min gwangwanin nan, Sunusi. Shekara arba'in da ɗaya ina awo a kasuwar Haɗeja, yau kai ne za ka riƙe min hannu?"

Na sake masa. Yana zaune a kan benci a zauren gidana, wanda na mayar wurin aiki, ya jingina da bango, ƙafafunsa a kan guntun katako saboda sun kumbura ba sa shiga takalmi. Baba Abdulmannan maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma duk layin Baba Mannan muke ce masa. Sati biyu ke nan da aka dawo da shi daga asibiti. Likitoci sun ce jikinsa ba zai ƙara ɗaukar wankin ƙoda ba, a kai shi gida a riƙa lallaɓa shi. Kowa ya gane abin da suke nufi, shi ma ya gane.

A kan tebur akwai kwalabe biyu na rezin, babba da ƙarama, da robar gaurayawa, da ɗan farantin katakon maɗaci da na haɗa masa. A cikin farantin na shimfiɗa zangarniyar jar shinkafa guda bakwai, busassu, na liƙe su a ƙasa tun jiya don kada su taso.

"Nawa ka ce?"

"Huɗu daga babbar, Baba. Biyu daga ƙaramar."

"Huɗu da biyu. Ko ɗan koyo ai ya iya wannan."

Shi rezin wani ruwa ne mai kauri, garau kamar man gyaɗar da aka tace. Shi kaɗai ba ya yin komai. Sai an zuba masa ruwan ƙaramar kwalbar, an gauraya, sannan a hankali ya daskare ya zama kamar gilashi, duk abin da ke cikinsa ya zauna yadda yake. A waya na koya. Ban wuce aji biyu a sakandare ba, amma in abu ya shiga raina ba na barinsa. Na ɓata da yawa kafin na iya. Na farkon da na haɗa ya yi zafi a cikin roba har ya yi hayaƙi, Bushira matata ta fito da gudu da bokitin ruwa. Baba Mannan da ke zaune a ƙofar gidansa ya yi dariya har da hawaye, tun ranar yake kirana Injiniya in yana son tsokana.

Shi ya zo min da maganar zangarniyar. Daga gonar mahaifinsa take, a fadamar wajen Auyo. Ruwa ya daina janyewa daga wurin, ciyawar kachala ta cinye shi, yanzu ko da kwale-kwale aka je ba a gane iyakar gonar. Shekarar da suka yi girbin ƙarshe ya ɗaure ɗan dami ya rataye a ɗaki, yau shekara goma sha ɗaya. Shinkafar ta mutu, ko an shuka ba za ta tsiro ba. 'Yarsa Zaituna, wadda ke aure a Kafin Hausa, ta haihu yana asibiti, kuma an ce ranar Juma'a za a kawo ta da jaririn ya gani.

"So nake in miƙa mata da hannuna," ya ce da ni. "In ce ga abin da ya ciyar da ubanki. In ba a rufe ta a ruwan gilashin nan naka ba, wata biyu bayan raina ƙwari sun gama da ita."

Na gaya masa rezin iri biyu ne. Akwai mai saurin kamawa, amma in aka zuba shi da kauri zafi yake yi, ya tsage, ya ƙona abin da ke ciki. Akwai mai jinkiri, wanda ya dace da aikinmu, sai dai yana son kwana uku ba a taɓa shi ba.

"Kwana uku?" Ya dube ni. "Kana ganin ina da kwana uku, Injiniya?"

"Allah ne masani, Baba."

"To aiko da mai jinkirin. Ni da shi mu ga wanda zai riga wani."

Na sa aka auno min daga Kano, direba ya kawo tasha. Ranar Litinin da hantsi muka zauna zubawa, ga shi a lissafina Alhamis ya daskare, Juma'a Zaituna ta zo.

Ya auna huɗun daga babbar kwalba da gwangwanin madara. Hannunsa na rawa, amma idonsa bai manta aikinsa ba: yana tsayar da zubi daidai bakin gwangwani, ya juye, ya jira ɗigon ƙarshe. Ya auna biyun daga ƙaramar haka nan. Na miƙa hannu zan karɓi kwalbar. Sai ya ce bisimilla a hankali, ya karkata ta kai tsaye a kan robar.

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a wurinsa ya san wannan karkatawar. In ya gama auna maka tiya, sai ya damƙo wata da hannu ya watsa a kai, gyara ke nan. Masu awo da yawa sai an roƙa suke yi. Shi ba a roƙonsa, kuma ba ya tsallake kowa. Ya taɓa ce min tun yana saurayi ya ji wa'azi a kan masu tauye mudu, tsoro ya kama shi, ya ɗauki alkawari hannunsa ba zai rufe awo ba sai da ƙari. Ba na jin ma ya san yana yi.

Ɗan kaɗan ya yi niyya. Amma kwalbar ta fi ƙarfin hannunsa, ta zubo sosai kafin ya tayar da ita. A ganina ya kai kusan cikin gwangwani guda.

"Shi ke nan," ya ce, yana haki. "Gauraya."

Ina so in faɗi wannan daidai, domin na juya shi a raina har na gaji. A wannan minti abin bai ɓaci ba. Akwai saura a babbar kwalbar. Da na ƙara gwangwani biyu daga cikinta, lissafi ya koma daidai. Sai dai yin haka yana nufin in ce masa a gabansa awonsa bai yi ba. Na dubi fuskarsa. Tun da aka dawo da shi ban ga haske a cikinta ba sai a lokacin. Na ce a raina, ai ruwan ƙaramar shi ke daskarar da abu, ƙila yawansa ba zai cutar ba. Na san ba haka ba ne. Na karanta, na kuma gani da idona: kowane ɗigo na wannan yana neman abokinsa a wancan, wanda bai samu ba haka zai zauna ruwa har abada.

Na sa safar hannu, na ɗauki tsinke na gauraya a hankali, ina kankare gefe da ƙasa yadda ya kamata. Na zuba. Ruwan ya bi tsakanin ƙwayoyin shinkafar ya rufe su, jansu ya fito kamar yau aka yanko su. Na bi 'yan kumfa da wutar laita suka fashe. Baba Mannan ya sunkuya yana kallo.

"Haka take a gona in ruwa ya kwanta," ya ce.

Na kifa kwali a kai saboda ƙuda, na kama shi muka koma gidansa, taku ashirin, muka tsaya sau biyu.

Ranar Talata bai iya fitowa ba. Na shiga gaishe shi bayan azahar. Iya Hajo, matarsa, tana zaune a bakin katifa tana yi masa fifita, ga kofin kunu da bai sha ba.

"Ya ruwan gilashi?"

"Yana kamawa, Baba."

"Kada ka taɓa min shi da wannan hannun naka mai ƙaiƙayi."

"Malam, ka bar yaron nan ya huta," in ji Iya Hajo. "Tun asuba maganar faranti kake, ko jikanka ba ka tambaya haka."

"Jikan ai ya daskare tuni, sai dai a kawo shi."

Muka yi dariya mu uku. Da na koma zaure na ɗaga kwalin, na taɓa can kusurwa da kan tsinke. Tsinken ya shige, ya fito da zare kamar na zuma.

Ranar Laraba ya kamata a ce ya yi tauri kamar sandar sabulu. Ya dai yi kauri, amma yatsa na kamawa. Na fitar da shi rana a ƙarƙashin gilashin taga, ko zafi zai taimaka. Hadari ya taso kafin la'asar, na shigar da shi. Na kunna ƙwan lantarki kusa da shi har wuta ta ɗauke. Na kira wanda ya sayar min a Kano, na gaya masa abin da ya faru ba tare da na ambaci kowa ba.

"Wa ya auna maka wannan?" ya ce. "Kwashe ka zubar, Malam. Ka wanke katakon ka sake."

"Abin da ke ciki fa?"

"Mene ne a ciki?"

"Shinkafa."

Ya yi dariya. "To shinkafa ta ƙare a Haɗeja ne?"

Na gwada ciro zangarniya ɗaya daga gefe da hantsaki. Kara ya karye, ƙwayoyi uku suka zube cikin danƙon. Na ajiye hantsakin, na daidaita wurin da tsinke gwargwadon iyawata. Bakwai ɗin nan su ke nan suka rage daga damin, babu wasu a ɗakinsa, babu a ko'ina.

Bushira ta same ni zaune a gaban tebur.

"Ka gaya masa mana," ta ce.

"In ce masa me? Alherinka ya ɓata aikin?"

"To ka ce damina ce. Kowa ya san yanzu ko wanki ba ya bushewa."

"Ƙarya ke nan."

"Wadda kake yi masa tun jiya fa, mene ne sunanta?"

Abin da ya tsaya min shi ne wannan: mutum ya yi shekara arba'in yana ƙara wa mutane don tsoron Allah, kuma wannan hannun ne, da wannan niyyar, ya lalata abu ɗaya da ya roƙa a ƙarshen rayuwarsa. In na gaya masa, na ɗora masa nauyi yana kan hanya. In na ɓoye, na sallame shi da ƙarya. Na auna ta nan, na auna ta can, ban ga inda ya fi sauƙi ba.

Ranar Alhamis da hantsi Iya Hajo ta leƙo zauren da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sunusi, Malam ya ce kwana uku sun cika. Wai ka kawo."

"Iya, da an bari zuwa gobe."

Ta dube ni, idanunta sun yi ja. "Ɗana, kawo masa yau."

Na ɗauko shi a kwance da hannu biyu. An tayar da Baba Mannan an jingina shi da matasai. Fuskarsa ta ƙara kumbura, numfashinsa na fita da ƙyar, amma hankalinsa na nan. Na ɗora farantin a kan cinyarsa na cire kwalin. Daga ido babu abin da za a ce: garau yake, shinkafar na kwance a ciki, hasken ƙofa na sheƙi a kai.

"Masha Allah," in ji Iya Hajo.

Ya sa babban yatsansa a tsakiya ya danna, kamar yadda ake gwada mangwaro. Yatsan ya nutse. Da ya ɗaga, abin ya biyo shi kaɗan kafin ya sake shi.

A waje wani mai babur yana ta danna ham.

"Me ya hana shi?"

"Damina ce, Baba. Iska ta yi laima."

"Hajo, ba mu wuri."

Ta tashi ta fita da kofin kunun. Ya goge yatsansa a jikin zanen gado, bai gogu ba.

"Sunusi, na yi shekaru ina kallon fuskar mutanen da ke ce min shinkafarsu ta bushe alhali da sauranta. Me ya hana shi?"

"Gyaran ne, Baba."

"Wane gyara?"

"Bayan ka auna biyun, ka ƙara. Shi wannan abin ba ya son ƙari. In ɗaya ya fi, ba ya daskarewa."

Ya lumshe ido, na ga yana neman abin a ransa. Can ya ce, "Na ƙara?"

"Ka ƙara."

"Gobe zai yi?"

"A'a."

"Jibi?"

"Ba zai yi ba, Baba. Haka zai zauna."

Ya daɗe yana kallon ramin da yatsansa ya bari. Na zaci maganar ta ƙare. Sai ya ce, "Kana wurin lokacin da na ƙara."

"Ina wurin."

"Ka gani."

"Na gani."

"A lokacin da magani?"

Nan ne na so ƙasa ta buɗe. "Da magani. Da na ƙara daga babbar, da ya daidaita."

"Ka yi shiru."

"Na ga kana jin daɗi. Ban so in ce awonka..."

"Da lafiyata ƙalau, da ka yi shiru?"

Mu biyu mun san amsar. Shekara tara muna gardama ta kan katanga, a kan rediyo, a kan ganin wata, a kan ko ruwan bana zai kai na bara. Ban taɓa ƙyale shi ya ci ni a banza ba.

"Ka riga ka sa ni cikin waɗanda suka tafi ke nan," ya ce, ba da faɗa ba. "Ina zaune a gabanka, da raina, ka ƙi yi min gardama."

"Ka yafe min, Baba."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Haka kowa ke cewa. Har yau ban san ko yafewa ce ko rufe magana ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ya huta kaɗan, sannan ya sake duban farantin. Gefen ramin ya fara kwantawa, abin yana komawa wurinsa a hankali.

"Wane irin abu ne wannan," ya ce, "da za a ƙara masa ya ɓaci?" Ya ɗan yi murmushi. "Ba zai yi kasuwa a garin nan ba, Injiniya."

Na yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba.

"Rufe shi kada ƙuda su faɗa. Gobe in yarinyar ta iso ka kawo. A haka zan ba ta."

Na rufe na fita da shi. Iya Hajo na tsaye a tsakar gida kusa da randa, ta juya min baya, kofin na hannunta.

Ranar Juma'a, rana ta ɗan ɗaga, ina zaure ina goge gefen katakon da tsumma, na ji salatin Iya Hajo ta kan katanga. Na ajiye tsumman. Ban yi gudu ba, na san babu abin da gudu zai yi.

An kira mijin Zaituna a waya. Ya ce sun taso tun da safe, amma ruwa ya yanke hanya a wani wuri, suna jiran kwale-kwale ya tsallakar da su. Dattawan layi suka ce ba a ajiye gawa ana jira, ga zafi. Aka yi masa wanka, aka sallace shi a ƙofar gida kafin a tafi masallaci. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bai yi nauyin da na zata ba. Muna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunmu duk taɓo, muka tarar da babur a ƙofar gidan, wata mace na sauka da jariri a baya. Ta ga mutane a kan tabarmi, ta ga ragowar likkafanin da ke hannun liman a naɗe, ta tsaya cak da ƙafa ɗaya a ƙasa.

Ban kai farantin ba ranar, ban kai washegari ba. Ban san wa zan miƙa wa ba, kuma da wane baki.

Ranar sadakar uku da la'asar, bayan mutane sun ragu, aka yi sallama a ƙofar zaure. Zaituna ce, da goyonta, ta ja mayafi har goshi. Na san ta tun tana tallan gyaɗa a layin nan.

"Yaya Sunusi, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta."

"Amin. Iya ta ce akwai saƙona a wurinka."

Na ɗauko na ɗora a kan benci na cire kwalin. Na fara yi mata bayani, cewa bai daskare ba, kuma ba zai daskare ba, kada a jingina shi, kada a bar yara su taɓa, kuma laifin nawa ne. Ta ɗaga min hannu.

"Iya ta gaya min. Ta ji ku daga tsakar gida." Ta durƙusa a gaban bencin. "Wannan ce ta fadama? Ina tunawa da ita a rataye, Baba ba ya bari ko tsintsiya ta kusance ta." Ta ɗago ta dube ni. "Iya ta ce ya sa yatsa. A ina?"

Na nuna mata tsakiya. Ta karkata kai ta duba ta gefen haske. Wurin ya shafe sumul.

Jaririn ya motsa, ta ɗan jijjiga shi da kafaɗa. Ta miƙe ta gyara ɗaurin goyon, ta mayar da kwalin da kanta, ta ɗauki farantin a kwance da hannu biyu.

"Kawo in kai miki."

"A'a, bar shi."

An yi ruwa da rana, layin ya cika, yara sun jera bulo a tsakiya don masu wucewa. Na tsaya a ƙofa ina kallonta. Ta taka na farko, ta tsaya ta daidaita hannuwanta, ta taka na biyu. Kan jaririn na lilo a bayanta, ita kuwa idonta na kan kwalin, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwanon da aka cika har baki.